Alƙalamin Ruwa a Duwatsun Maroko

Hutun shekarata ta biyu a birnin Fas shi ne hutu mafi tsawo da na taɓa yi. 'Yan ajinmu 'yan ƙasa duk sun tafi garuruwansu, ɗakin kwanan ɗalibai ya zama kamar kufai, ni kuwa ba halin zuwa gida. Ni mutumin Gammo ne ta ƙasar Kabo, karatun Larabci ne ya kai ni Maroko. Da hantsi sai in fita in yi ta zaga lungunan tsohon gari ba tare da na nufi ko'ina ba, in dawo in kishingiɗa, in tashi, in sake fita. A lokacin damina ta kankama a gida. Ina lumshe ido sai in ga dawa ta kai gwiwa a gonarmu, in ga motocin Gwarzo suna wucewa a kan kwalta da kaya himili a samansu. Zama ya ishe ni.

A wani shagon shayi na gamu da Abdurrazak, mutum mai fara'a da zaƙin baki. Da ya ji ina amsa waya da Turanci sai ya jawo kujerarsa kusa da tawa. Ya ce sana'arsa shirya wa baƙi tafiyar ƙasa a duwatsun Atlas. Yana da wani tsohon Bature da zai yi kusan mako biyu yana bin duwatsu a ƙafa, mai alfadarin da zai raka shi kuma ba ya jin Turanci, tafinta kawai ake nema. Abinci nasu, tanti nasu, mota za ta jira mu a inda hanya ta ƙare. A yadda nake a lokacin, ko bangon duniya ya ce a je da na bi shi.

Daga Marakish wata ƙaramar mota ta yi ta hawa da mu har kwalta ta ƙare a wani ƙauye da aka gina a jikin dutse. A nan Abdurrazak ya haɗa ni da mutanen biyu, ya sauke buhunan kaya, ya yi mana fatan alheri, ya juya. Ban sake ganinsa ba.

Mista Piter ɗan ƙasar Holan ne, ya yi ritaya daga aikin safiyo, wato awon ƙasa. Dogo ne siriri, kansa fari fat, ƙafafunsa kamar na zalɓe. Tafiyar ƙasa ita ce abin da yake so a duniya, kuma babu abin da ya tsana kamar kaya mai nauyi, har mariƙin buroshin haƙoransa ya yanke don ya rage. Mai alfadarin kuwa sunansa Lahsan, dattijo gajere mai rawani ruwan toka. Yarensu na kan dutse ɗan'uwan na Buzaye ne, Larabcinsa ma sai na kasa kunne sosai nake tsintar abin da yake nufi. Ina kiransa Baba Lahsan, shi kuma ɗalibi kawai yake ce mini.

Da muka isa ƙorama ta farko, ruwan da na taho da shi ya riga ya ƙare. Ni mutum ne mai tsoron ruwan sha, kuma akwai dalili. Ina sakandare a Gwarzo amai da gudawa ya shiga ƙauyukanmu. Babanmu ya fita gona lafiyarsa ƙalau, ƙishi ya kama shi, ya sha daga wani kududdufi a bakin gonar. Washegari muka ɗauke shi zuwa asibiti, ba mu isa ba rai ya yi halinsa a cikin mota, kansa a kan cinyata. Tun daga ranar ban sake kai bakina ga ruwan da ban san asalinsa ba.

Baba Lahsan ya durƙusa ya kamfata da hannu ya sha, alfadarin ma ya sa baki a gefensa. Ni na tsaya ƙerere. Mista Piter ya lura da ni. Ya cika gorarsa mai faɗin baki, ya zaro wani abu daga aljihu mai kama da babban alƙalami, ƙarshensa gilashi. Ya tsoma gilashin a ruwa ya danna maɓalli, sai wani haske shuɗi ya cika gorar. Ya yi ta juyawa a hankali kamar mai dama kunu, bayan minti ɗaya da wani abu hasken ya mutu da kansa. Ya goge bakin gorar da tsumma mai tsabta ya miƙo mini.

Ya bayyana mini cewa shuɗin da nake gani alama ce kawai. Ainihin hasken da ke aikin ido ba ya ganinsa, irin wanda ke cikin hasken rana ne mai ƙona fata, suna kiransa altarabayolet. Idan ya ratsa ruwa yana lalata ƙwayoyin cuta ta yadda ba za su iya hayayyafa a cikin mutum ba. Na fassara wa Baba Lahsan. Ya yi dariya har sai da ya dafa alfadarinsa, ya ce a gaya wa Baturen shi dai bai taɓa ganin ruwan da ke jin tsoron fitila ba.

Na sha. Ruwan sanyi ƙarara, ba warin magani, ba ƙaurin hayaƙi. A ranar na ƙaunaci wannan alƙalami kamar ni na ƙera shi.

Kwanakin farko ya yi mana aiki yadda ake so. Ruwan duwatsun garau yake, daga narkakkiyar ƙanƙara yake gangarowa, kana hango tsakuwar ƙasansa. Ba sai mun ɗauki jarkoki ba, ba sai mun hura wuta mun jira ya huce ba. Amma a hankali na fara gane halinsa. Gorata mai ƙaramin baki ce, alƙalamin ba ya shiga, don haka sai an haska a ta Mista Piter a juye mini. Gora ɗaya yake iya haskawa a lokaci guda, mu kuwa ƙishin hawan dutse ba na gora ɗaya ba ne. Ɗigon da ya maƙale a bakin gora haske ba ya kai masa, in ka manta ba ka goge ba aikin banza ka yi. Sannan batir yake ci. Mista Piter ya yi lissafin cajinsa a kan cikin mutum ɗaya, ga shi mun zama biyu. Yana da ɗan faifan sola da muke ɗaurawa a saman kayan alfadari ya sha rana muna tafe, da shi muke mayar da cajin da muka ci.

Ni kuwa raina bai zauna wuri ɗaya ba. In muna hawa ina ƙosawa mu kai sama, in mun kai sai in ga wani dutsen a gaba wanda ya fi shi. Ba sabis na waya, ba wanda zan ce wa sannu da Hausa. Wata rana muka wuce wani makiyayi yana kiran tumakinsa daga gangare, muryarsa ta yi mini kama da ta kawuna na Mainika in yana kora shanu da yamma. Na tsaya ina kallonsa har sai da Baba Lahsan ya waiwayo ya kira ni.

Da muka yi nisa da ƙauyuka ha'incin Abdurrazak ya fito fili. Gwangwanin gas da muke dafa shayi da shi ya ƙare, Baba Lahsan ya kwance buhu ya ɗauko wani. Yana ɗagawa ya ji shi sakayau. Ya ɗauko na gaba, shi ma haka. Duk tsofaffi ne da aka riga aka ƙone, aka mayar musu da murfi. Buhun da aka ce na shinkafa da taliya ne, rabinsa busasshen burodi ne da 'yan gwangwanayen kifi. A tsawon da muka kai kuwa babu itace ko na rantsuwa, sai wasu 'yan ƙayoyi gajeru da suka lafe a ƙasa. Mista Piter ya buɗe taswirarsa, ya auna baya ya auna gaba, ya ce komawa ta fi ƙarasawa nisa. Ya ce shayi dai mun rasa, amma ruwa muna da alƙalami. Muka ci gaba.

Sanyi ne ya fara taɓa shi. Wata safiya muka tashi raɓa ta daskare a kan tanti, Mista Piter ya danna maɓalli, alƙalami ya ƙi kamawa. Na tambaye shi ko ya lalace. Ya ce ba lalacewa ya yi ba, batir ne ba ya son sanyi. Ya ce in sa shi a cikin rigata ya ji ɗumin jiki tunda ni ne mai jini a jika. Daga ranar a ƙirjina yake kwana, da shi nake sallar asuba, in na yi sujada in ji shi yana taɓa haƙarƙarina.

Sai hadari ya zo. A gida hadari daga gabas yake tasowa ka gan shi ka shirya, wannan kuwa daga bayan dutse ya faɗo mana kawai. Ruwa da ƙanƙara suka yi ta dukanmu, muka raɓe a gindin wani dutse, alfadari yana ta rawar jiki. Da aka ɗauke, rana ba ta dawo ba. Gajimare ya zauna a kanmu kwana da kwanaki, faifan sola ya zama kayan ado. Ƙoramun da muka saba gani garau suka koma ja, kamar an kwaɓa ƙasar gini a ciki.

Mista Piter ya cika gora ya ɗaga ta sama, ko inuwar yatsunsa ba a gani ta ɗaya ɓangaren. Ya girgiza kai.

"Wannan ya fi ƙarfinsa," in ji shi. "Kowace ƙwayar laka inuwa ce. Cuta sai ta ɓuya a bayanta, haske ya wuce bai gan ta ba."

Muka zuba ruwan a tukunya muka jira ya kwanta. Baba Lahsan ya warware rawaninsa, muka ninka shi muka tace, muka sake tacewa. Duk da haka kamar ruwan tsari ya fito. Muka gwada hura wuta da ƙayoyin nan, sun jiƙe sharkaf, hayaƙi kawai suka ba mu. Ƙishi kuwa ba ya jira. Mista Piter ya haska gorar sau biyu a jere, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Ya sha rabi, na sha rabi.

Har yau ban sani ba ko ruwan ne ko kifin gwangwanin. Abin da na sani shi ne bayan kwana biyu Mista Piter ya fara ratsewa bayan duwatsu, ya dawo, ya sake ratsewa. Da farko yana mayar da abin wasa. Kafin azahar amai ya haɗu da gudawar. Mutumin da kullum shi ne a gaba ya koma yana jan ƙafa, daga baya ya zauna a kan wani falalen dutse ya kasa tashi. Na durƙusa a gabansa. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe ya tsage. Na san wannan fuskar, na taɓa riƙe irinta a cinyata.

Abin da yake bukata ruwa ne mai yawa, da gishiri da sukari. Baba Lahsan yana da su duka biyu a jakarsa ta shayi. Allah ya taimake mu ƙoramun sun fara washewa. Na ɗebo, na tace, na tsoma alƙalami. Ya kama, amma da ya gama sai wata 'yar fitila ja ta riƙa ƙiftawa a jikinsa. Na nuna wa Mista Piter. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce caji ya kusa ƙarewa, 'yan gorori kaɗan suka rage, bai san ko nawa ba. Ya ce mu riƙa rabawa kamar yadda muka saba.

Na ce masa na riga na sha nawa. Ya dube ni, ya san ba haka ba ne, amma ba shi da ƙarfin gardama.

Muka sauke kayan alfadari, muka bar tanti da tukwane a ƙarƙashin wani dutse, muka ɗora Mista Piter muka ɗaure shi da igiya don kada ya zame. Baba Lahsan ya ce akwai wani ɗan ƙauye a can ƙasa ta wata hanyar awaki, ba inda taswira ta nufa ba. Muka goya abin da za mu iya muka kama gangare. In mun yi 'yar tafiya sai mu tsaya, in haɗa ruwan gishiri da sukari, in riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da na danna maɓallin sai na riƙe numfashi har hasken ya kama.

Ni kuwa rabona da ruwa tun safiyar jiya. Harshena ya yi kauri, kaina yana sarawa, ƙafafuna suka fara harɗewa a kan tsakuwa. Muna tafe a bakin ruwa, ina jin ƙararsa a kunnena, ina kawar da kai. Da muka zo wani wuri da ruwa ke fitowa daga tsagin dutse, Baba Lahsan ya tsayar da alfadari ya ce in sha. Na ɗaga kai, na hango tsohon garken awaki a sama da wurin. Na tambaye shi ko yana da tabbacin ruwan nan.

Na zaci zai yi mini dariya irin ta ranar farko. Bai yi ba.

"Ba ni da tabbaci, ɗalibi," ya ce. "Irinsa na sha tun ina yaro, ga ni a tsaye. Irinsa kuma 'ya'yana biyu suka sha, suna ƙarƙashin ƙasa. Amma in ka faɗi a nan, alfadarina mutum ɗaya yake ɗauka."

Alƙalamin yana ƙirjina. Da na so da na zaro shi na haska gora ɗaya, ba wanda zai ga laifina. Na waiwaya na dubi tsohon nan a kan alfadari, kansa ya rataya a kan ƙirjinsa. Na durƙusa, na yi bismilla, na kamfata da hannu biyu. Na sha har cikina ya ɗauka. Ina miƙewa na fara sauraron cikina, kowane ɗan motsi ya yi sai gabana ya faɗi.

Alƙalamin ya ba mu gora biyu bayan nan, a ta uku ya mutu ana tsakiyar haskawa. Wannan rabin-haskakken na ba Mista Piter, don ba ni da wani.

Da la'asar sakaliya muka shiga ƙauyen, gidaje ne 'yan kaɗan na dutse da laka. Wata tsohuwa tana tsince sha'ir a ƙofar gida. Ba ta tambayi ko mu su wane ne ba. Tana ganin wanda ke kan alfadari ta ajiye faifanta ta shige ciki, kafin mu kwance shi hayaƙi ya fara tashi daga madafinta. Ta tafasa ruwa a babbar buta, ta riƙa juya shi tsakanin kwano biyu don ya huce. Ta shimfiɗa masa bargo a ɗakin ɗanta. Ni kuma ta ajiye mini kwanon kunun sha'ir mai zafi, ta tsaya a kaina tana magana da yarensu har sai da na shanye. Baba Lahsan ya ce cewa take yi na rame da yawa, a garinmu ba a ba mu abinci ne?

A saman soron gidanta na sami sabis. Lambar Abdurrazak a kashe. Direban da Abdurrazak ya ba mu lambarsa ya ce zai jira mu kuwa, da na same shi cewa ya yi bai taɓa jin labarinmu ba. Mutanen ƙauyen ne suka nemo mana wata akori-kura da ke kawo musu kaya. A nan muka rabu da Baba Lahsan, domin zai koma sama ya kwaso kayan da muka bari. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in na koma ƙasarmu in gaishe masa da mutanenmu. Ya ja alfadarinsa ya kama hawa, rawaninsa har lokacin da jar laka a jiki.

A asibiti a Marakish aka yi wa Mista Piter ƙarin ruwa. Likitan ya ce ruwan gishiri da sukarin nan ne ya riƙe shi a hanya. Na zauna da shi har 'yarsa ta iso daga ƙasarsu. Ranar da zan tafi ya sa ta ɗauko alƙalamin da faifan solar ta ba ni. Ya ce abu ne mai kyau, shekara da shekaru bai taɓa ba shi kunya ba, amma daga yanzu ba zai sake shiga dutse da shi kaɗai ba, sai ya haɗa da abin tacewa da ƙwayoyin maganin ruwa, ko da za su yi masa nauyi.

Nawa rabon a Fas ya same ni, bayan kamar mako guda, lokacin da na fara sakin jiki. Ciwon ciki da gudawa suka kwantar da ni a ɗakin nan da ba kowa. Wani ɗalibi ɗan Senegal da ke ƙarshen baranda, wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu, shi ya ji nishina ya kai ni wurin likita, ya riƙa dafa mini farar shinkafa har na miƙe. Ban faɗa wa kowa a gida ba.

Sai da na gama karatu na dawo Gammo, ana tsakiyar damina. Bayan an gama zuwa sannu da zuwa, wata rana da hantsi na fito da alƙalamin a tsakar gida. Na ba da labarin duwatsu da alfadari da tsohon Bature, na tsallake inda ya kamata in tsallake. Na cika kofi na haska, matan gida suka taru suna leƙen shuɗin. Inna, mahaifiyata, tana zaune a kan tabarma tana gyaran zogale. Ta ce to in tsoma shi a randa mana kowa ya huta. Na ce ba ya iya randa, sai gora ɗaya ko kofi ɗaya, shi ma sai ruwan ya zama garau, kuma in cajinsa ya ƙare sai an jira rana.

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta juya shi, ta duba gilashin, ta auna nauyinsa a tafinta.

"Wannan ai guzurin mutum ɗaya ne," ta ce. "Kai kuma ka ce ku uku ne a dutsen. Da ya gaza, wa ya sha, wa ya haƙura?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da kofin. Ta daɗe tana kallona. Ta ajiye mini alƙalamin a gefen tabarma, ta kakkaɓe zaninta, ta tashi ta iza wuta, ta ɗora tukunyar ruwa.